Zoben Albasa Ba Sai Da Giya Ba: Abin Da Ƙullun Waina Ya Koya Mini

A ƙarshen watan Maris da ya gabata, wani mai a-kori-kura ya tsaya a ƙofar gidana a Haɗejiya, ya sauke buhu biyu na albasa, ya ce saƙon yayana ne daga fadamar Auyo. Na tambaye shi ko akwai wata magana, sai ya ce, "Ya ce a gaya maka ku ci, ku ba maƙwabta. Gara ta ƙare a cikin 'yan'uwa da ta ruɓe a rumbu." Duk wanda ya tashi a gidan manoma ba ya bukatar a yi masa fashin baƙin wannan saƙo. Ma'anarsa ita ce kasuwa ta karye, dillalai sun taya abin da bai kai kuɗin fetur da taki ba, kuma mutumin da ya shafe wata huɗu yana sammako zuwa bakin injin ban-ruwa cikin sanyin hunturu ya rasa yadda zai yi da guminsa.

Muka raba abin da za mu raba, saura muka baje a zaure. Miya ta sha albasa, kwaɗo ya sha, dafa-duka ta sha, amma tarin yana nan kamar ba a taɓa ba. Ana cikin haka ne 'yata, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta same ni a tsakar gida bayan la'asar da waya a hannunta.

"Baba, dubi yadda Turawa suke yi da albasa. Ita kanta ce abincin, ba wai a miya ake sa ta ba."

Na karɓa na duba. Wani mutum ne a ɗakin girki a Amurka, ya yanka manyan albasa zobe-zobe, ya zuba fulawa a kwano, ya barbaɗa gishiri da barkono. Har nan ban ga abin ƙi ba. Sai kawai ya buɗe kwalbar giya ya tuttula a cikin fulawar, kumfa ta taso, ya dama, ya riƙa tsoma zobban yana jefawa a mai. Na miƙa mata wayarta na ce, "Wannan ba namu ba ne. Rufe."

Ba ta rufe ba. Ta ce ai mutumin ya yi bayani cewa wuta tana ƙone barasar duka, ba abin da ke saura sai ɗanɗano. Na ce ko da wuta tana ƙone ta, wa zai je ya sayo kwalbar, da kuɗin wa, kuma ta wace ƙofa za ta shigo gidan nan? Murya ta fara tashi, ni ina ganin tarbiyya ce ake taɓawa, ita tana ganin an ƙi sauraronta. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, kamar ba ta jin mu. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Wai ni kam, ita giyar, wane aiki take yi a cikin ƙullun?"

Muka yi tsit. 'Yata ba ta da amsa. Ni ma da na yi shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ba ni da ita a wannan lokacin. Na yi saurin yanke hukunci, ita ta yi saurin kare abin da ta gani, amma tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ita ce ta yi tambayar da ta dace.

Hukuncin ba shi ne matsalar ba

Kafin in ci gaba, bari in share wata hanya, kada mai karatu ya zaci ina neman wata kafa ne. Haramcin giya ba abin muhawara ba ne a wurin Musulmi, saye da sayarwa da ɗauka duk sun shiga ciki, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Ita ma da'awar cewa wuta tana cinye barasa ƙurmus ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna cewa abin da ke saura na barasa a cikin abinci bayan an dafa yana iya kamawa daga kashi 5 cikin 100 har zuwa kashi 85, gwargwadon irin girkin da tsawon lokacin da ya ɗauka a wuta. Zoben albasa kuwa minti biyu ko uku kawai yake yi a cikin mai. Saboda haka a wannan gaɓar ni ne da gaskiya.

Inda na yi kuskure shi ne da na haɗa kwalbar da kaskon na yi watsi da su gaba ɗaya. A zamanin nan da 'ya'yanmu suke ganin duniya ta tafin hannunsu, kalmar "rufe" ba ta rufe komai. Yarinyar za ta koma makaranta da tunanin cewa akwai wani daɗi da addininta ya hana ta, kuma mahaifinta ba shi da wata hujja sai tsawa. Wannan ne ya hana ni barci a daren, ya sa na koma ga littattafaina da tambayar Inna.

Aikin da giya take yi a ƙullu

Amsar ba ta da wuya. Abu uku ne masu wannan girki suke nema a cikin giya, kuma babu maye a cikinsu.

Na farko iska. Giya cike take da iskar nan ta kabon-dayoksaid, irin wadda ke tasowa idan an buɗe kwalbar lemo. Idan ƙullu mai ɗauke da wannan iska ya faɗa cikin mai mai zafi, ƙananan kumfa sukan buɗe su kumbura, ɓawon ya zama sakayau, cike da ƙananan ramuka, ya riƙa karyewa ƙaras-ƙaras a baki maimakon ya cushe kamar ɗanyen burodi.

Na biyu rage danƙo. Fulawar alkama idan ta haɗu da ruwa aka kuma dama ta da yawa, takan yi danƙo. Wannan danƙon shi ake so a burodi da taliyar murji, amma a ɓawon suya shi ne abokin gaba, domin yana sa ɓawon tauri da jan roba. Barasa ba ta tayar da danƙon fulawa kamar yadda ruwa yake yi.

Na uku saurin bushewa. Barasa tana tafasa a digiri 78 a ma'aunin Salsiyas, ruwa kuwa sai ya kai 100. Saboda haka ƙullun yakan bushe da wuri, ɓawon ya soyu kafin ya sha mai. Ragowar abin da ake samu ɗan ƙamshin hatsi ne da ɗan tsami-tsami na abin da ya kwana.

Da na jera waɗannan abubuwa a takarda, sai dariya ta kama ni. Iska a cikin ƙullu, rashin danƙo, ɗan tsamin abin da ya kwana: ai siffar ƙullun waina ce aka zayyana. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ilimin da ke cikin madafar iyayenmu

Duba yadda uwayenmu suke yi. Mai ƙosai takan buga ƙullun wake har hannunta ya gaji, ba don motsa jiki ba, sai don ta cusa iska a cikinsa. In ba ta buga ba, ƙosan zai nutse a ƙasan kasko ya fito kamar dutse. Mai fanke takan sa yis ta rufe kwano ta ajiye a wuri mai ɗumi har ƙullu ya tashi. Mai waina takan jiƙa shinkafa, a niƙo, ta sa yis ko ta zuba ragowar tsohon ƙullu, ta bar shi ya kwana. Da asuba, in ya yi tsami da yawa, sai ta ɗiga ruwan kanwa, nan take ƙullun ya ƙara tasowa. Abin da nake zana wa ɗalibai a allo kenan duk shekara, cewa tsami in ya haɗu da gishirin kabonet yakan saki iska. Inna ta fi shekara hamsin tana yin wannan gwajin kafin fitowar rana, ba tare da ta san sunansa ba. Ga shi kuma garin shinkafa ba shi da danƙon alkama ko kaɗan.

Sauran al'ummomi ma haka suka yi. Mutanen Indiya da Fakistan suna soya albasa a cikin ƙullun garin wani nau'in wake, su ci da shayi ko su yi buɗa-baki da shi a watan azumi, babu ɗigon giya. Mutanen Japan suna da suyar da suke kira tempura, wadda suka koya daga Turawan Fotugal a ƙarni na 16, kuma sirrinta ruwa mai sanyi ƙarara da rashin yawan damawa. Hatta a ƙasar Turawan, giya ba ita ce asali ba. Wani littafin girki da John Mollard ya fitar a Landan a 1802 ya kawo yadda ake yanka albasa zobe-zobe a tsoma a ƙullu a soya, kuma tallan man girki na Crisco da ya fito a Amurka a 1933 cewa ya yi a tsoma albasar a madara sannan a barbaɗe ta da fulawa. Giya hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi, ta mutanen da ita ce a kusa da hannunsu.

Da na kai wa 'yata wannan bayani washegari, sai ta jefo mini wata tambaya mai kaifi, cewa ai shi ma yis in yana tayar da ƙullu yakan samar da ɗan burbushin barasa. Gaskiya ne, haka kimiyya ta nuna, a burodi ma haka abin yake. Sai dai ba a taɓa jin wanda ya bugu da waina ba ko da ya cinye tanda guda, ba a kuma kwaɓa ƙullu don maye. Akwai tazara mai nisa tsakanin kwaɓin da ya kumbura a kwano da abin sha mai sa maye da aka sayo da sunansa aka tuttula. Ban ji malamin da ya hana burodi ba, ban kuma ji wanda ya halatta kwalba ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Baba, mu gwada."

Gwaji uku a tsakar gida

Gwajin farko nawa ne, kuma ya watse. Na yi tunanin tunda daga sha'ir ake yin giya, abin shan nan baƙi mai zaƙi na gwangwani wanda ba shi da barasa zai maye gurbinta. Na manta da sukarin da ke cikinsa. Kafin albasar ta nuna, ɓawon ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe madafa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in an gama darasin a bar mana kaskon da rai."

Na biyu na 'yata ne, kuma ya yi kyau. Ga yadda ta yi, ga mai son gwadawa. A samu manyan albasa uku masu ƙarfi, waɗanda ba su fara tsiro ba. A yanke kai da gindi, a ɓare, a yanka a kwance, kaurin kowane yanki kamar kaurin ɗan yatsa, sannan a raba zobban a hankali. Ƙananan na tsakiya a ajiye su don miya. Albasarmu ja ta fi ta Turawa yaji, don haka a jiƙa zobban a ruwan sanyi mai ɗan gishiri kamar minti 20, a tsame, a tsane su sarai da tsumma mai tsabta. Akwai wata siririyar fata a cikin kowane zobe. In an samu haƙurin cire ta, ƙullu zai fi kamawa. A barbaɗe su da busasshiyar fulawa.

A wani kwano a haɗa fulawa kofi ɗaya, garin shinkafa rabin kofi, hodar tashin kek ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, ɗan barkono da garin citta. Kada a zuba ruwa sai mai ya yi zafi. Idan ya yi, a buɗe ruwan soda mai sanyi sosai, wato ruwa mai gas marar zaƙi, a zuba kamar kofi ɗaya da ɗan ƙari, a juya sau kaɗan kawai. Ko da 'yan gudaji sun rage a ƙyale su, yawan damawa shi ke korar iskar ya tayar da danƙo. Kaurin ƙullun ya zama kamar na koko mai kauri, wanda zai lulluɓe bayan cokali.

Man gyaɗa ya zama mai yawa yadda zobe zai yi iyo, zafinsa kusan digiri 180. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga ƙullu kaɗan: in ya nutse ya zauna, mai bai yi ba, in ya yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa, in ya taso sama yana ƙara cikin daƙiƙa biyu ko uku, an dace. A riƙa sa huɗu ko biyar a lokaci guda, domin cika kasko yana kashe zafin mai, sai suyar ta sha mai ta yi laƙwas. Minti biyu zuwa uku, a juya sau ɗaya, in sun yi ja-ja-ja a kwashe a matsami, a barbaɗa yajin ƙuli, a ci da zafinsu. Kada a rufe su a kwano, tururi zai kashe ƙaras ɗin.

Na uku na Inna ne. Ba ta auna komai ba. Ta sa aka ɗebo mata ƙullun wainar da ya kwana, kafin a zuba masa sukari, ta ƙara masa fulawa cokali biyu don ya yi kauri, ta ɗiga ruwan kanwa, ta ce a soya. Abin da ya fito ya fi na sodar rumus, ga ɗan tsamin nan a ƙarshen harshe, ita kuma albasar a ciki ta yi laushi ta yi zaƙi, yajinta ya tafi. 'Yata ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta dubi kakarta ta ce, "Inna, ashe kin daɗe da sanin abin." Inna ta ce, "Ni ban san zobenku ba. Ƙullu na sani."

Komawa fadama

Da labarin ya tsaya nan, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma buhunan da ke zaure suna tuna mini cewa akwai abin da ya fi kaskon suya girma.

Kogin Haɗejiya, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratso ta Wudil da Ringim ya iso mana, sannan ya wuce ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi, shi ne jijiyar wuyan wannan ƙasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu gonaki sun koma tafki, wasu sun bushe. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye amfanin damina na dubban manoma a Jigawa. Wannan ya sa mutane irin yayana suka jingina rayuwarsu ga noman rani: shinkafa, alkama, tattasai, attaruhu da albasa. Yakan zuba iri bayan ɗaukewar ruwan sama, ya yi dashe da shigowar sanyi, ya cire a bazara. Matsalar ita ce kowa ma lokacin yake cirewa, daga nan har Aliero ta Jihar Kebbi da Galmi ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwa takan cika maƙil, farashi ya faɗi warwas. Bayan 'yan watanni kuma, kamar yadda kowa ya shaida a ƙarshen 2020, albasa takan zama gwal har matan birni su riƙa sayen ƙwaya ɗaya. Ribar wannan tsadar ba ta manomi ba ce, ta wanda ya iya ajiya ce.

Ajiyar kuwa ita ce wuyar aiki. Hausawa sukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, shi ya sa zafin bazara da laimar damina suke cin ta a rumbu, ɗaya ta ruɓe ta shafa wa goma.

Ba zan yaudari mai karatu da cewa zoben albasa zai ceci manomin fadama ba. Ko duk gidajen Haɗejiya za su soya kullum, ba za su cinye abin da Auyo kaɗai take fitarwa ba. Abin da nake kira gare shi shi ne tambayar Inna, mu riƙa yin ta a kan komai: wane aiki abin yake yi, kuma me muke da shi a gida da zai yi wannan aikin? Kakanninmu da suka ga lawashi yana lalacewa, sun daka shi sun shanya suka samu gabu, wanda yake kai miya har wata shekara. Mu da muka yi boko, me muka ƙara a kai? Na sha ganin garin albasa da busasshiyar soyayyar albasa a cikin 'yan robobi a manyan kantunan Kano, da tsadarsu, alhali rana da za ta busar da ita kyauta Allah Ya ba mu, ga man gyaɗa, ga matasa masu digiri suna zaune a gindin bishiya. Manyan makarantunmu na kimiyya da fasaha, da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, da masu kuɗin garin nan, ya kamata a ce rumbun albasa mai shan iska da injin busarwa mai aiki da hasken rana suna cikin abin da ke hana su barci. Samar da ruwa rabin aiki ne. Sauran rabin yana farawa ranar da aka cire amfani.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya yayana ya shigo gari, muka sa aka soya masa irin na Inna. Ya ɗauki zobe ɗaya ya jujjuya shi, ya gutsura, ya daɗe yana taunawa. Ya ce, "Yanzu wannan albasata ce?" Na ce ita ce, Yaya. Ya gyaɗa kai, ya ƙara ɗaukar wani, sannan ya dube ni da 'yata ya ce, "Madalla. To ku da kuka yi karatu, sauran buhunan fa?"

Har yau ban ba shi amsa ba. 'Yata ta koma makaranta da takardar awon ƙullu a jakarta, ta kuma ce tana son aikin bincikenta na shekarar ƙarshe ya kasance a kan busar da albasa. Ni kuma na koyi cewa idan yaro ya kawo abin da ya gani a waya, kafin in ce ya rufe, zan fara tambayar aikin da abin yake yi. Allah Ya sa albarka a noman manomanmu, Ya tsare mana zuri'a, Ya ciyar da mu halal.